Ƙarau ɗin Surukata

Mu maƙera muna da wata cuta da ba mu san muna da ita ba sai wani ya faɗa mana: ba mu iya riƙe abu mu ƙyale shi. Ka miƙa wa maƙeri kwano ko ƙaho ko ludayi, kafin ka rufe baki ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. Da kunne muke sanin ƙarfe. Mai lafiya yana amsawa da doguwar murya, mai tsaga a ciki kuwa sai ya yi maka tari. Haka na tashi na ga Baba yana yi a maƙerarmu ta Tsafe, haka ni ma na ɗauka, har ta kai ko goro aka ba ni sai na ji yatsana yana ƙaiƙayi. Wannan cutar ce ta jawo mini abin da zan faɗa.

Lokacin ana ta maganar hanyar jirgin ƙasa za ta iso Gusau, ni kuwa shekarata guda da 'yan watanni da aure. Matata 'yar Bungudu ce. Ta zo da kaya irin na kowace amarya, amma a hannunta na hagu akwai abin da ba kowa ke da shi ba: ƙarau, wato munduwar gilashi irin aikin Nufawa, shuɗi mai duhu, kaurinsa kamar ɗan yatsa. In rana ta haske shi sai ka rantse da ruwa a ciki. Na uwarta ne, ita kuma ta gaje shi daga tata uwar, wadda ta rasu tun ba a yaye ta ba. Surukata ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, ba ta san muryarta ba, ƙarau ɗin nan kaɗai ta sani. Aro ta ba 'yarta, ba kyauta ba, kuma a gaban mutane ta faɗa don kada wani ya ce bai ji ba.

Da cikin fari ya tsufa, hannun matata ya kumbura, sai da aka shafa man shanu kafin ƙarau ya fita. Ta naɗe shi a tsumma ta cusa a gindin jeren ƙorenta. Danginta suka zo suka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, cikin hidimar ɗaure kaya ta manta da shi. Bayan 'yan kwanaki wani mai jaki ya kawo mini saƙo daga Bungudu: surukata ta ce in Allah ya sauke lafiya, masu zuwa suna su taho da ƙarau, shi mai jego za ta sa.

Na ɗauko shi ran nan da hantsi don in sa a jakata, kada ni ma in manta. Da na wuce ɗakina kai tsaye, da babu wannan labari. Sai na biya ta maƙera. A nan na tarar da taubashina, ɗan ƙanwar Baba, sa'ana ne, manomi. In rani ya yi ba shi da aiki sai zaman maƙera, yana ja mana zugazugi yana gyara wa duniya zama da baki. Tsakanina da shi wasa ne tun kakanni, ya faɗa mini abin da ya ga dama, ni kuma ba ni da ikon yin fushi.

"Mi kaka ɓoyo cikin tsumma kamar ɓarawon ƙwai?" in ji shi.

Na buɗe na nuna masa. Ya juya shi, ya ɗaga shi ga haske, ya taɓa shi da harshe.

"Dutsi na," ya ce.

"Kwalba ta. Nuhwawa ka narka ta."

"Kai dai ƙarhe kas sani. Wanga dutsin gulbi na anka goge."

Gardama ta yi tsawo. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana irin manomi ya koya mini abin da aka yi da wuta. Na ce bari ka ji da kunnenka, dutse ba ya amsawa. Na rataya ƙarau ɗin a yatsa, na ɗauki 'yar ƙaramar gudumar da muke gyara bakin aska da ita. Wallahi ban buga ba, taɓawa kawai na yi. Ya amsa kuwa, da wata siririyar murya mai daɗi. Sannan ya rabu biyu ya faɗi a kan buzun Baba.

Taubashina ya dubi ɓarin biyu, ya dube ni.

"Ka yi gaskiya," ya ce. "Kwalba ta."

Ba matata na ji wa tsoro ba, ita dai za ta yi kuka ta yi mini gaba ta kwana biyu. Surukata ce abin ji. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba. In aka ce ga ta nan tafe a hanya sai in tuɓe takalmi in ratse in durƙusa har ta wuce. Gaisuwarmu ta bayan zana ce, ni a tsugune, ita a ciki, muryarta kawai na sani. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban mace, da wane baki zai ce mata ya fasa abin da ya rage mata na uwarta?

Amma ni maƙeri ne ɗan maƙeri. Abin da ya karye a wurinmu bai mutu ba, wuta yake so. In galma ta karye mukan gasa bakin biyu har su yi fari, mu haɗa, mu buga, ta koma gona. Tunda da wuta Nufawa suka yi shi, ai wuta za ta gyara shi, kuma Nufawan nan hannu biyu ne da su kamar ni. Wani tunani daban bai ko gilma mini ba.

Baba ya dawo daga kasuwa na faɗa masa. A lokacin ƙarfinsa ya tafi, ya bar mini guduma, sai dai ya zauna a kan buzu yana kallon wuta yana gyara mini kuskure. Ya daɗe yana juya ɓarin biyu a tafin hannu.

"Ban taɓa ƙirar kwalba ba, ubana bai yi ba," ya ce. "In ka nace, ka hwara da wadda ba ta da mai yi mata kuka."

Wannan shawara ce mai kyau, sai dai a Tsafe ta wancan zamani babu kwalbar da ba ta da mai yi mata kuka. Matar da ke da kwalba guda ta man gyaɗa, maƙwabta sun san ta da ita, in ta fashe har jaje ake zuwa. Dole na saɓi jaka na nufi Gusau. Na kwana a gindin dutsen Kwatarkwashi, washegari na shiga gari. Da tambaya na kai ga kukun wani Bature cikin masu awon hanyar jirgi. A bayan kicin ɗinsa na ga abin da ya sa na riƙe baki: kwalabe jibge kamar shara, kaji suna hawa. Na ba shi wuƙa ƙirar hannuna, ya ce in ɗiba. Na ɗebi koraye masu kauri, masu warin abin da Musulmi ba ya faɗa, da wata 'yar kwalbar turare mai murfin gilashi fari tas, ƙarami amma da nauyi, da gilashin fitila guda da ya tsage. Kukun ya tambaye ni me zan yi da su, na ce magani. Duk hanyar dawowa jakata tana ƙara, mutane suna waiwayena suna toshe hanci. Da na iso gida sai da Baba ya sa na wanke korayen da toka har hannuna ya yi fari kafin ya yarda su shiga maƙerarsa.

Bazara ta kama a lokacin, lokacin da manoma ke tururuwa da hauya da galma a gyara musu kafin ruwa ya sauka. Akwai wani dattijo daga Kucheri da ya kawo galmarsa, na ce ya ɗan zauna, yanzu zan gama wani ƙaramin aiki. Ya zauna kusa da wuta yana jan casbi.

Na ɗauki koriya guda na yi mata yadda nake yi wa ƙarfe: na cusa ta tsakiyar garwashi, na ce wa taubashina ya zuga. Ban kai ga ɗauko awartaki ba na ji tas! Wani gutsure ya tafi jinka, wani ya soke hular taubashina, wani ya wuce ta gefen kunnen dattijon Kucheri yana kuka. Maƙerarmu ƙofa guda gare ta, amma ran nan taubashina ya yi mata ta biyu a jikin zana. Dattijon ya kwashi casbinsa ya koma gindin tsamiya can tsallaken hanya. Daga nan bai ƙara shigowa ba, kullum sai dai ya zo ya zauna can ya ɗaga murya, "Malam maƙeri, galmata hwa?" in ce masa gobe.

Abu na farko da na koya ke nan: kwalba ba ta son a afka mata. Sai ka ajiye ta a bakin wuta ta ji ɗumi, ka matsar da ita kaɗan, ka jira, ka ƙara matsarwa. Ni da na saba da ƙarfe, wanda ko ka jefa shi daga ƙofa ba ruwansa, wannan lallashi ya ishe ni.

Da na bi ta a hankali sai ta yi laushi, ta lanƙwasa kamar alewa. Murna ta kama ni, na fizgo ta na ɗora a kan uwar maƙera na sauke mata guduma. Rabi ya manne wa gudumar, rabin da ya taɓa sanyin ƙarfe ya tsattsage. Baba ya ce, "Ba ta son duka." Na ce na gani.

Na ajiye guduma na koma ja da awartaki. A rana ta uku na fitar da wani lanƙwasasshen abu mai kyau, har ya fara kama da rabin munduwa. Ina cikin yaba kaina, hannuna, ba tare da ya shawarce ni ba, ya yi abin da yake yi tun ina yaro: ya tsoma shi a kaskon ruwa. Cuuu! Na ɗago awartaki babu komai. A gindin kaskon sai wani gari kamar gishiri.

Kada mai karatu ya ɗauka sau ɗaya na yi wannan. Sau uku na yi. Na san ba a yi, ina faɗa wa kaina ba a yi, amma da zarar na ga aiki ya yi kyau sai hannun ya tafi kasko shi kaɗai. A karo na uku taubashina ya tashi ya ɗauki kaskon ya zubar da ruwan a waje, ya kife shi ya zauna a kai.

"Hannunka ba shi jin magana," ya ce. "In kana son ruwa sai ka ɗaga ni."

Baba ne ya samo mana hanyar sanyayawa. Ya ce tunda ba ta son a shigar da ita wuta da gaggawa, ba za ta so a fitar da ita da gaggawa ba, in binne ta a toka mai zafi kamar mai gashin dankali, in bar ta sai gobe. Na yi haka, washegari na tono ta lafiya lau.

Daga nan ne na shiga abin da ya fi ba ni mamaki. Mu ba mu da wani ma'aunin zafi sai ido. In ƙarfe ya yi ja mai duhu kamar busasshen barkono, ya ji wuta amma bai shirya ba. In ya haske ya nufi ruwan ɗorawa, lokacin duka ya yi. In ya yi fari yana feshin tartsatsi, lokacin haɗi ke nan, ka ƙara kaɗan ya ƙone. Na ɗauka kwalba duk kwalba ce, wuta ɗaya za ta ishe su. Ashe kowace da tata.

Murfin kwalbar turaren nan, da na ga nauyinsa na ce wannan zai ba mu wuya. Tun wuta tana jan barkono, inda ƙarfe ko gezau ba ya yi, ya sunkuyar da kai ya fara zuba. Koriya ta fi shi zuciya, ba ta sakin jiki sai wuta ta kai inda ake dukan galma. Gilashin fitila kuwa, da yake siriri ne kamar ɓawon ƙwai, raina shi na yi, na ce wa taubashina ya zuga da hannu guda. Ya zauna a cikin wuta yana kallonmu. Aka ƙara gawayin ƙirya, aka zuga da hannu biyu. Yana nan. Taubashina ya tuɓe riga, gumi yana bin haɓarsa, yana zagin Baturen da kukunsa da fitilar da wanda ya kunna ta. Sai da wuta ta kusa fari, inda ƙarfe zai fara feshi, sannan bakinsa ya ɗan naɗe, kamar ya yi mana alfarma.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ai wannan don zama da wuta aka yi shi, mu ne ba mu da hankali.

Na zauna ina haki, na ce da su, da bakin nan nawa, "To, ba a gane kwalba da ido. Kauri ba shi hwaɗi, launi ba shi hwaɗi, sai an gwada." Baba ya ce haka ne. Taubashina ya ce a rubuta mini wannan a allo in wanke in sha.

Gawayin da muka tanada na aikin bazara duk ya tafi a kan kwalabe. Dattijon Kucheri ya gaji, ya aiko aka miƙa masa galmarsa ta kan zana, ya kai wa wani maƙeri, kuma duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ji labarina. Ban damu ba, domin a ranar na haɗa gutsuren koriya biyu suka zama ɗaya, ko wurin haɗin da ƙyar ake gani. Na miƙa hannu in ɗauki 'yar gudumar nan in ji muryarsa, na tarar taubashina ya riga ya sa ta a aljihu. Kaina ya kumbura. Har na fara tunanin in an gama wannan zan buɗe ƙirar ƙarau a Tsafe, Nufawa su nemi wata sana'a.

Ana haka saƙo ya iso: matata ta sauka lafiya, an sami mace. Mai kawo saƙon ya ci kwana uku a hanya, mu ma za mu ci kamar haka. Ba ni da sauran lokaci sai yini guda.

Na ɗauko ɓarin biyu daga tsumma. Ba ni da wani gutsure na daban da zan gwada. Na dube su, masu kauri, masu duhu, sai zuciyata ta ce mini 'yan'uwan koriya ne. Baba ya ce in fara daga ƙaramar wuta in ga yadda za su yi. Na ce ƙaramar wuta ba ta haɗi, kuma rana tana tafiya. Maganar da na yi da bakina kwana biyu da suka wuce, ko tuna ta ban yi ba.

Na jera su a kan tsingaro, wato ɓarin fasasshiyar tukunya, baki da baki, na ɗumama su a gefen wuta yadda ya kamata, wannan kam ban yi kuskure ba. Sannan na tura tsingaron cikin wutar koriya. Na juya in ce wa taubashina ya daidaita zuga, kada ya yi fizga. Iyakar abin da na yi ke nan. Da na waiwayo babu munduwa. Ta kwanta, ta baje, tana malalowa ta bakin tsingaro kamar zuma tana ɗiga cikin gawayi. Ashe ƙarau ɗin surukata ya fi murfin turare rashin jimirin wuta.

Na yi salati na fizgo tsingaron. Muka shiga tonon garwashi, ni da awartaki, taubashina da tsinken ƙarfe, muna tsinto shuɗin ɗigo duk toka ta shiga jikinsu. Abin da muka tara ba zai zagaye hannun jariri ba, balle na mai jego.

"Ƙara mai koriya," in ji taubashina. "Wa za shi sani?"

Ranar farko ke nan da na bi shawarar manomi a kan wuta, kuma ita ce ta ƙarshe. Na narka koriya na haɗa, na ga abin ya yi duhu, na ƙara ragowar kwalbar turare don ya yi haske. Na naɗa shi a jikin sandar ƙarfe, na zare, na binne a toka. Da safe muka tono. Ya fito a zagaye, ɗan karkatacce, launinsa kamar ruwan kududdufi. Shuɗi dai babu, amma munduwa ce. Na ce in an goge shi da mai, kuma in mai jego ta riƙa zama a inuwa, ƙila a wuce wurin.

Muka ɗora shi a kan buzu muka zagaye shi, ni da Baba da taubashina. Na harɗe hannuwana a baya don kowa ya shaida. Muna kallo sai muka ji ƙas. Muka dubi juna. Ƙas, ƙas. A gaban idonmu, ba wanda ya taɓa shi, ya tsage nan ya tsage can, ya zube.

Baba ya ce abin da bai narke a wuta ɗaya ba, da wuya ya huce tare, wannan yana ja wancan yana ƙi, dole su rabu. Bayani ne mai kyau, sai dai ya zo a makare. Na tsince abin da ya fi girma a ciki, wani dunƙule kamar ƙaramin goro, sauran duk tsakuwa ce.

Na ce to, uban 'yar fari ma ai ɓuya yake yi, ba a son ganinsa wurin suna, taubashina ya tafi da rago da goro, ya ce musu ƙarau ya ɓace a hanya. Baba ya dube ni irin kallon da ya daina yi mini tun ina ɗan yaro.

"Kai kan narka shi, kai za ka kai shi," ya ce.

Muka isa Bungudu ana gobe suna, da la'asar sakaliya. Aka karɓi rago, aka karɓi goro. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na je na durƙusa a bayan zanan sashen surukata, kaina a ƙasa. Taubashina ya tsuguna a gefena, shi ne bakina. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Baba, aka tambayi hanya, aka yi barka. Ni dai amin kawai nake cewa a ciki-ciki, ina fatan gaisuwar ta kai magariba.

"Kun taho da ƙarau?" in ji muryar daga ciki.

Taubashina ya gyara murya. "Inna, mun taho da shi. Sai dai ƙaddara ta hau shi. Ya rabe biyu."

Na ji ta ja numfashi, ta yi salati a hankali. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar abin da na cancanta.

"To, ai ba komi," ta ce. "Ƙarau na, hwashewa shikai. Shekara nawa shina yawo ga hannun mutane? A kai ma baduku shi ɗinke bakin biyu da jar hwata, haka mata ka yi. Ko shi mai ƙira shi naɗe mai zaren tagulla, aikin hantsi guda na. Miƙo su in gani."

Zaren tagulla. Akwai shi a maƙerarmu, naɗi guda, rataye a jikin ginshiƙi daidai saman kaina, duk kwanakin nan da nake fama da kwalabe. Kafin a dama fura da na gama.

Taubashina ya zungure ni da gwiwar hannu. Na kwance tsumma, na ɗora dunƙulen a kan faifan da aka turo mana, na tura shi ta ƙarƙashin zana.

Na ji jaririya ta yi ɗan kuka a can ɗaki, na ji muryar matata tana cewa, "Inna, mi na?" Sai na ga zana ya motsa, ƙafafu sun fito sun tsaya a gabana. Surukata ce da kanta, ba mayafi a fuska, ba kowa a tsakaninmu. Na ɗago ido ban sani ba. Ashe 'yar ƙaramar mace ce, siririya, da furfura a gefen kallabi. Duk tsawon wannan lokaci a raina wata ƙatuwa nake gani.

"Mi kay yi mai?" ta ce. Da ni take, kai tsaye.

Tsoro yakan sa wani ya yi shiru, ni kuwa surutu ya sa ni. Na kwashe komai na faɗa mata: yadda na je Gusau wurin kuku, yadda koriya ta fashe, yadda murfin turare ke zuba tun wuta tana ja, koriya sai ta kai ruwan ɗorawa, gilashin fitila sai ta kusa fari. Har da hannu nake nuna mata. Taubashina yana taka mini ƙafa ban bari ba. Ta tsaya ta saurare ni har na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Gusau kac ce ka zo?"

"I, Inna."

"Kana da ɓarin biyu cikin jakarka?"

Na ce i, don a jikina nake yawo da su, ban yarda in bar su a gida ba.

"Daga Gusau zuwa nan, wanda yat tashi da sahe nan shika azahar," ta ce. "Ka tsaya ka san wutar kwalbar Nasara, ka san ta hitila. Ni da ke da abin, ba ka ƙaraso ka tambaye ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Kunya ta rufe ni, kuma ba irin kunyar surukuta ba ce wadda mutum yake yi don a ce yana da ladabi. Wannan a cikin ƙirji na ji ta, har yau in na tuna sai na ji wurin.

Ta ɗaga dunƙulen ga rana tana juya shi a hankali, ta duba nan, ta goge da bakin zane, ta duba can. Ta daɗe tana nema. Can a wani gefe ta sami wani ɗan shuɗi siriri kamar zare, ta ɗora babban yatsanta a kai ta tsaya haka. Sannan ta ƙulle shi a haɓar zanenta, ƙulli biyu, ta juya ta ce a kawo wa baƙi fura.

Aka kawo ƙwarya biyu. Taubashina ya sha tasa, ya dube ni, ya jawo tawa ma ya shanye.